Abincin da Ba Shi da Lamba

"Baba Tsoho, wa ya ba ka wannan kular?"

Tsohon mai gadin sito ya ɗago kai, cokali a hannu, baki cike da wake. Auta ce tsaye a kansa, idonta a kan kular da ke tsakanin ƙafafunsa. Shuɗiya ce, murfinta da ɗan tsagu a gefe. Ko cikin kuloli dubu ba za ta ɓace mata ba, don a hannunta murfin ya faɗi ya tsage.

Ya haɗiye da ƙyar.

"'Yata, ke ce? Ai babanki ya fita, sai an jima."

"Ba Baba na zo nema ba. Kula nake tambaya."

"Tirela ne ya ba ni."

"Yau kaɗai?"

Tsoho ya dubi yankan kifin da ke kwance a kan ganye, ya dubi Auta. Ya ajiye cokalin.

"Ba zan yi miki ƙarya da furfurata ba. Kullum ne. Tun da kika fara ba shi, ni nake ci. Kuma Allah ya yi wa hannun nan albarka, ƙwannafin da yake damuna ban sake jin ɗuriyarsa ba."

Auta ba ta ce amin ba. Ta juya, mayafinta na jan ƙasa.

"'Yata, to in ƙarasa ko in rufe?"

Ba ta waiwayo ba. Sai ya ƙarasa.

Ga yadda abin ya faro. Baban Auta shi ne mai sikelin wannan sito. Duk buhun hatsin da zai shiga ko ya fita, sai ya hau sikelinsa. Mutum ne mai magana ɗaya, in ya ce fari to ko gawayi ne sai dai a bar shi a fari. Tirela kuwa direban siton ne, shi yake kai wa masu shaguna kaya. Motar da yake ja ƙarama ce, jikinsa ne ya jawo masa sunan. In ya shiga gaban motar sai ta ɗan karkata gefensa, 'yan dako su yi ta ihu.

Shi Auta take so, shi ma ita yake so. Ba ya shan komai, ba ya faɗa, yana riƙe da mahaifiyarsa. Amma ranar da ya je wa Mai Sikeli da maganar, tsohon ko zama bai ba shi ba. Sai kawai ya nuna masa sikeli.

"Hau."

Ya hau. Allura ta yi gudu ta wuce ɗari, ta je ta tsaya a ɗari da ashirin da shida.

"Sauka. Na aurar da babbar 'yata ga mai irin jikinka. Yau tana ɗakin uwarta da marayu uku. A bakin shagonsa ya faɗi, kafin a kai shi asibiti ya cika. Ba zan sake haƙa wa 'yata wannan ramin ba. Kafin shekarar nan ta fita, in allurar nan ta tsaya ƙasa da ɗari, ka turo manyanka. In ba ta tsaya ba, ka nemi wata. Ina da wanda yake jira."

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Babu wanda ya ga laifin tsohon.

Wanda yake jiran kuwa Ɗan Kemis ne, ɗan aminin Mai Sikeli, mai shagon magani a bakin titi. Siriri kamar tsinken sakace, kullum cikin guga da turare. Auta ta sha gaya masa ba ta yi, shi kuma ya sha cewa yana da haƙuri.

Tun daga ranar Auta ta ɗaura ɗamara. Kafin gari ya waye ta ɗora tukunya: wake, kifi, ganye, kabeji, wata rana ƙwai, mai ɗan kaɗan. Da safe Tirela ya tsaya da mota a ƙofar gida ta miƙa masa. Da yamma ya dawo da kular a wanke tas, ya ce, "Gimbiya, yau kam har yatsa na lasa." Kuma yana ta ramewa. Ita kuwa tana ta murna, tana cewa girkinta ne.

Sai jiya da yamma Ɗan Kemis ya tare ta a hanya.

"Ƙanwata, tausayinki nake ji. Gobe da rana ki leƙa sito ki ga wanda yake cin wahalarki. In kin gani, ki wuce gidan kajin nan mai gilashi. Akwai wata mai jar hula a wurin da ta san shi sosai. Ni dai ban ce komai ba."

To rabin maganar ta tabbata. Saura rabin.

* * *

Ta cikin gilashi ta hango shi. Yana can kusurwa, a kujerar roba da ta yi masa kaɗan. Shi kaɗai. Mai jar hular tana can tana ba wasu canji, ko inda yake ba ta kallo.

A gabansa faranti: cinyar kaza guda, 'yar jakar soyayyen dankali, kwalbar baƙin lemo. Waya a hannun hagu. Auta ta ga ya zazzage dankalin, ya jera shi da yatsa kamar mai raba gado, ya ware 'yan sili ya naɗe a takarda ya ture gefe. Sannan ya danna waya. Sannan ya fara ci, a hankali, yana tsotsar kowane sili.

Sai yau ta kalle shi da kyau. Da safe sauri ake yi, da yamma kuma ta cikin tagar mota take ganinsa. Rigar ta yi masa yawa, wannan gaskiya ne. Amma idonsa ya faɗa, leɓensa ya tsattsage, fatar wuyansa ta saki. Hannun da yake ɗaga kwalbar rawa yake yi.

Ta tura ƙofa. Sanyin na'ura da ƙaurin mai suka doke ta.

"A ci lafiya."

Dankalin ya faɗi daga hannunsa.

"Gimbiya..."

"Kada ka sake kirana da wannan sunan. Gimbiyar da ake ba mai gadi abincinta?"

Ta ja kujera ta zauna. Ta yi niyyar ba za ta yi kuka ba, amma ido ba ya shawara da mai shi.

"Ka san lokacin da nake tashi? Ka san sau nawa wuƙa ta yanke ni a kan kabejin nan? Yaya tana yi mini dariya, wai tun ba a kai ni ba na zama baiwa. Ina cewa ku bar ni, mutumina yana ci yana jin daɗi. Ashe Baba Tsoho nake yi wa bauta. In ba ka so, ba sai ka faɗa ba? Ba daɗi ne?"

"Wallahi ƙamshinsa kaɗai in na buɗe sai hawaye ya zo mini."

"To me ya hana ka ci?"

Ya sunkuyar da kai. Ƙaton mutum, ya zama kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Ba shi da lamba."

"Ba shi da me?"

"Lamba." Ya nuna allon da ke haske a saman masu sayarwa. "Dubi can. Kowane abinci da hotonsa, da kuɗinsa, ga kuma wata 'yar lamba a gefe. Kalori ke nan. Shi ne abin da yake zama ƙiba. Cinyar nan an rubuta nata. Dankali an rubuta. Lemon nan babu ko ɗaya, shi ya sa nake shan uku. In na ci sai in sa a waya, ita kuma ta tara. An ce kada in wuce dubu da ɗari biyu a yini. In na ci wannan na gama, sai gobe."

"Sai gobe? Safe fa? Dare fa?"

"Ruwa. Da lemon."

Auta ta riƙe baki.

"Naki kuwa," ya ci gaba, "na bincika wayar nan sama da ƙasa, babu waken Auta a ciki. Sai ta tambaye ni wake giram nawa, mai cokali nawa. Ina zan sani? Kin tuna ranar da na tambaye ki mai nawa kike sawa?"

Ta tuna. Ta ɗauka hira ce.

"Kika ce da ido kike zubawa. To ido lamba nawa ne, Auta? In na ci na wuce ban sani ba fa? In allurar babanki ta ƙi sauka saboda cokali ɗaya fa? Tsoro na ji. Na ce gara in ci wanda na san lissafinsa. Na kasa gaya miki don kada ranki ya ɓaci."

"Wa ya sa maka wannan abin a waya?"

Ya kifa wayar a tebur.

"Tambayarka nake."

"Ɗan Kemis. Ya ce shi ba ya gaba da kowa, in Allah ya yi tawa ce tawa ce. Ya ce turawa sun gama bincike, ciki bai san wake ba bai san kaza ba, lamba kawai ya sani. Kuma ga shi yana aiki. Na sauka zuwa ɗari da tara."

Auta ta yi wata dariya mai ɗaci, hawaye na zuba.

"Kura ta ba ka sanda ta ce ka tsare akuya, ka karɓa har da godiya. Shi ya turo ka nan, shi kuma ya turo ni in zo in gan ka. Kai direba ne. In aka ce tankin motarka lita hamsin yake ci, sai ka zuba mata lita hamsin na ruwan kwata, tunda lissafi ya cika?"

"Ba haka ba ne..."

"Dubi hannunka! Ɗaga shi in gani!"

Ya ɓoye shi ƙarƙashin tebur.

Ta miƙe ta ɗauki jakarta. Shi ma ya zabura zai tare ta. Tsayuwar da ya yi ke nan, ɗakin ya juya masa. Ya kai hannu zai dafa tebur, tebur ya goce, faranti da kwalba suka tarwatse a ƙasa. Tirela ya zube a kan gwiwa ɗaya, gumi na keto masa cikin wannan sanyin.

Mutane suka taso. Mai jar hular ta kawo ruwa da gudu. Auta ta durƙusa a gabansa, ta manta da fushi, ta manta da idon jama'a.

"Tun yaushe kake wannan jirin?"

"Ya ɗan kwana biyu."

"A mota ma?"

Bai so ya faɗa ba. Amma ta tsare shi da ido.

"Ranar nan a kan gada na ga titi ya zama biyu. Na taka birki na tsaya gefe har ya wuce. Ban gaya wa kowa ba."

"Innalillahi!" Ta dafe ƙirji. "Baba yana gudun kada in zama Yaya, kai kuma kana sauri ka mai da ni Yaya tun ba a ɗaura ba! Ita ko ba komai ta zauna da nata, ta haifa masa 'ya'ya. Ni me za a ce na samu? Lamba?"

"Don ke nake yi, Auta. Wallahi don ke."

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Ta goge fuska da gefen mayafi. Da ta sake magana, muryar babanta ce sak.

"Baba ya kafa maka sharaɗi, ni ma ga nawa. Daga gobe abin da na dafa shi za ka ci, safe da rana da yamma. A gaban Baba Tsoho, shi ne shaidata. Ranar da ka sake taka ƙofar nan, ba sai an kai ga sikeli ba, ni da kaina zan ce na fasa."

"In na ci kuma allura ta ƙi sauka fa?"

"Sai mu san abin yi. Mai rai ake yi wa aure."

* * *

Ta sa shi ya je asibiti. Likita ya auna nan ya auna can, ya yi masa faɗa kamar ɗansa. Abin da Auta ta faɗa kyauta shi ya maimaita: ya ci abinci na gaske, ya rage mai da zaƙi, ya riƙa tafiya da ƙafa, ya daina gaggawa.

Makon farko ya hau sikeli a ɓoye. Allura ta ƙaru da kilo biyu.

Ya kira ta a waya. "Auta, mun shiga uku. Hawa take yi."

"Ka ci na rana?"

"Ki ji abin da nake faɗa miki, hawa..."

"Na ji. Ka ci na rana?"

Ya ci.

Baba Tsoho kuwa ya shiga wani hali. Ga abincin da ya saba da shi, ga shi an naɗa shi mai gadinsa. Ya zauna ya zuba tagumi yana kallon kowace loma tun daga kula har baki.

"Ci, ɗan nema. Ci, Allah ya isa tsakanina da wanda ya tona asirin nan."

Da labari ya kai wa Auta, sai ta ƙara 'yar ƙaramar kula. Tsoho ya janye Allah ya isa.

Tirela ya ajiye babur, ya koma zuwa sito da ƙafa. In an zo lodi ba ya zama a mota yana jira kamar da, sai ya tuɓe riga ya shiga cikin 'yan dako. Ranar farko buhu uku ya ɗauka ya zauna yana haki, suna yi masa tsiya wai tirela ta ci taya. Bai daina ba. Jirin ya tafi. Leɓe ya warke. Barci ya dawo. Wayar ma ya share abin da ke cikinta.

Allura ta tsaya, ta yi kamar ba za ta motsa ba, sannan ta fara sauka. Amma saukar tsohuwa daga bene, taka ɗaya a huta. Shekara kuwa ba ta jiran kowa.

Ana saura 'yan kwanaki, Ɗan Kemis ya same shi a bakin sito yana wanke mota.

"Babban direba! Na ji an ce ka koma cin wake. Nawa ya rage?"

"Huɗu da ɗan wani abu."

"Kash. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa." Ya waiga hagu da dama, ya zaro wani ɗan kwali daga aljihu ya tura masa a aljihun riga. "Shayi ne. Ka sha safe da yamma, kada ka sha ruwa, kada ka ci komai. Zai wanke ka tas. Kafin ranar, biyar ma sai ta tafi. In an gama awo ka ci abin da kake so, wa zai sani? Kyauta na ba ka. Ni ba na gaba."

Ya tafi yana kaɗa makulli.

Tirela ya daɗe tsaye da tsumma a hannu. Ya san mutumin nan ba masoyinsa ba ne. Amma ya san kilo huɗu kilo huɗu ne, kuma ya san Mai Sikeli. Bai jefar da kwalin ba. Bai kuma gaya wa Auta ba.

* * *

Ranar awo siton ya cika. 'Yan dako sun bar aiki sun jeru a kan buhuna kamar masu kallon ƙwallo. Ɗan Kemis ya zo cikin farar riga, wai wucewa yake yi. Can sai ga Auta, Yaya na biye da ita.

Mai Sikeli ya haɗe rai. "Me ya kawo mata nan?"

"Rayuwarta za a auna, Baba," in ji Yaya. "Ai ta gani."

Mai Sikeli ya juya wajen aikinsa. Ya share farantin sikelin da tsintsiya, ya duba allura tana kan sifili, ya ja da baya.

"Hau."

Tirela ya cire takalmi. Ya dubi Auta sau ɗaya. Ya hau.

Allura ta tashi, ta wuce tamanin, ta wuce casa'in, ta yi rawa a kan ɗari kamar za ta ji tausayi. Sannan ta gota.

"Ɗari da huɗu," in ji Mai Sikeli. "Sauka."

Auta ta kama hannun Yaya ta matse.

"Ƙasa da ɗari na ce. Ka yi ƙoƙari, ban hana ba. Amma magana ɗaya nake yi."

Ɗan Kemis ya girgiza kai. "Allah sarki. Wani abin sai haƙuri."

Tirela bai sauka ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin, ledarsa ko ɓarewa ba a yi ba. Ya miƙa wa Mai Sikeli da hannu biyu.

"Baba, wannan aka ba ni. An ce in na sha na daina ci da shan ruwa, allurarka za ta nuna abin da kake so. Kwana na yi ina juya shi. Na ga in na sha, sikelinka na cuta, kuma kai na cuta. Ni ɗari da huɗu ne. Ban kai ba. Abin da ka yanke na karɓa."

"Wa ya ba ka?"

Tirela ya sunkuyar da kai. Amma idon 'yan dako gaba ɗaya ya koma kan farar riga.

"Taimako ne fa," in ji Ɗan Kemis. "Kowa yana sha."

Yaya ta saki hannun Auta ta matso. Ta karɓi kwalin daga hannun mahaifinta ta juya shi.

"Irinsa ne," ta ce a hankali. "Har hoton matar da ke jiki."

"Irin me?"

"Baba, kai tumbin baban yarana kake tunawa. Ni da na zauna da shi, abin da yake ci nake tunawa. Tukunyata ba ta taɓa burge shi ba. In na sa ganye ya ce shi ba akuya ba ne. Daga soye sai zaƙi, a titi, a tsaye. In mutane suka dame shi da maganar ƙiba sai ya sayo irin wannan, ya yi ta zawo yana kwana da yunwa, ya zube. A yaba masa. Bayan wata biyu ya koma ya fi da." Hawaye ya zubo mata. "Watan da ya rasu ai a rame yake, Baba. Ka manta? Kai da kanka ka dafa kafaɗarsa a tsakar gida ka ce yanzu ka zama mutum. Da a ranar ka ɗora shi a sikelin nan, da ya ci jarrabawarka."

Mai Sikeli ya dubi ƙasa. Bai manta ba. A fuskarsa aka gani.

"Ban ce ga abin da ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma ni na san ramewa daban, lafiya daban. Kada a yi wa ƙanwata awo da abin da bai cece ni ba."

Auta ta taka zuwa teburin mahaifinta. A kai akwai ɗan ƙarfen nan mai tsini da rami a ciki, wanda yake soka wa buhu ya zaro ƙwaya ya gani. Ta ɗauko, ta durƙusa har ƙasa, ta miƙa masa.

"Baba, ka yafe mini in na yi rashin kunya. Tun ina ƙarama nake ganinka a nan. Ban taɓa ganin ka karɓi buhu don sikeli kaɗai ba, sai ka soka ka ga cikinsa. Kai ka ce mini buhun da ƙwari suka cinye ma yana sauƙi. Ni ban ce ka janye maganarka ba. Ka soka kawai."

Tsohon ya karɓi ƙarfen. Ya juya shi a hannu. Ya dubi Tirela tun daga ƙafa har kai, kallon da yake yi wa kayan da bai yarda da su ba.

"Kai. Ɗauki buhun can. Ka kai ƙarshen sito ka dawo da shi."

Tirela ya sunkuya, ya cira, buhu ya hau kafaɗa. Ya tafi. Siton da tsawo, 'yan dako suna ƙirga masa taku da tafi. Ya taɓa bango ya juyo. Ya dire buhun a gaban tsohon a hankali, ko ƙura bai tayar ba.

"Yi magana in ji."

"Me zan ce, Baba?"

"Ko me."

"Ina son Auta."

Sito ya ɗauki ihu. Muryar kuwa ta fito sumul, babu haki. Mutumin da a farkon shekara in ya hau gaban mota sai ya huta kafin ya tayar.

"Saura mai farar riga!" wani ya yi ihu daga saman buhuna. Aka waiga. Babu farar riga, sai ƙamshin turare.

Mai Sikeli ya ɗaga hannu aka yi shiru. Har yanzu fuskar a ɗaure take.

"Na gani. Amma huɗu huɗu ce. In na ce ɗari yau na karɓi ɗari da huɗu, gobe wa zai yarda da awona?"

Sai ga muryar Baba Tsoho daga bakin ƙofa. Tare suka taso da Mai Sikeli, shi kaɗai ne yake iya taka shi a siton nan.

"To mai gaskiya, tunda abin awo ne, kai ma hau mu gani. Wannan abin da ke gaban rigarka ba filo ba ne. Shekara nawa kana aikena sayen soyayyen nama a ɓoye? Hau, in ya so mu san ko uwar 'ya'yan nan ma ƙwace ta za a yi."

'Yan dako suka fara, "Hau! Hau! Hau!"

Mai Sikeli ya ja rigarsa ya rufe ciki, ya daka musu tsawa.

"Kai, ku rufe mini baki! Ni buhu ne? Wannan sikelin kaya ne, ba na mutane ba!"

Maganar ta fita kafin ya kamo ta.

Babu wanda ya yi dariya. Kowa ya zuba masa ido. Ya dubi sikelin, ya dubi Tirela da ke tsaye ba takalmi a gefensa, ya dubi Yaya tana share hawaye. Ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye ƙarfen a tebur, ya jefa kwalin shayin cikin kwandon shara.

"Sa takalminka," ya ce. "Ka gaya wa manyanka ina gida ranar da suka shirya. Huɗun nan kuma ban yafe ba. A tukunyarta za ka sauke su, a hankali. In na ji an ce ka koma gidan gilashi, da ƙarfen nan zan soke ka."

Tirela ya zube a ƙasa yana godiya, kuka ya hana shi ƙarasawa. Auta ta faɗa jikin Yaya, su biyun suna kuka suna dariya.

Mai Sikeli ya juya zai koma kujerarsa, sai ya tsaya. Bai kalli kowa ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Waken nan da ya warkar wa wannan tsohon banzan ƙwannafi." Ya gyara hula. "Gobe kula uku za ki zubo."